Marsandi 500 E da ta ƙi jin magani: nazarin ciwon mota guda a kudancin Jamus

Motar da asalinta

Wanda ya saba ganin V-boot a titunan Kano ko Kaduna zai iya wuce 500 E bai waiwaya ba. Jikin ɗaya ne, samfurin W124 da Mercedes-Benz ya fito da shi a ƙarshen 1984. Sai an tsaya an ƙura ido za a ga madgad ɗinta ya ɗan kumbura. Ta fi 'yan'uwanta faɗi da milimita 56, ta kuma fi su kwanciya ƙasa da milimita 23. Wannan ɗan faɗin ne ya hana ta bin layin haɗa motoci na masana'antar Mercedes-Benz da ke Sindelfingen, shi ya sa aka miƙa aikin ga Porsche, wanda a farkon shekarun 1990 kasuwa ta juya masa baya, yana neman aikin da zai riƙe ma'aikatansa.

Yadda ake haɗa ta ya isa abin ba da labari. Ana kai sassan jiki Zuffenhausen, unguwar Porsche a Stuttgart, a haɗa gangar da hannu. Sai a ɗora ta a babbar mota zuwa Sindelfingen a yi fenti, a sake dawo da ita Zuffenhausen a saka injin da giya da kayan ciki, sannan ta koma Sindelfingen a yi mata duban ƙarshe. Kowace mota kwana 18 take ɗauka. An nuna ta a baje kolin motoci na Paris a Oktoban 1990, kuma zuwa Afrilun 1995 da aka daina yin ta an haɗa guda 10,479, dukansu masu sitiyari a hagu. Injinta silinda takwas ne, lita biyar, irin na 500 SL, mai ƙarfin doki 326 a motocin farko. Tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa shida da 'yan kai, an kuma ɗaure gudunta a kilomita 250. Batir ma ba shi da wuri a gaba, but aka mayar da shi, kuma mutum huɗu kawai take ɗauka.

A wajen masu tara tsofaffin motoci, dubu goma ba ƙaramin adadi ba ne. Alpina, kamfanin da ke ƙara wa motocin BMW ƙarfi a garin Buchloe, guda 507 kacal ya yi na B10 Bi-Turbo a wancan zamani. Amma 500 E mota ce da aka saya don aiki, manyan 'yan kasuwa suka yi ta dukan hanya da ita, tsatsa ta ci wasu, haɗari ya ci wasu. Wadda ta rage da tsabta, ba a taɓa ta ba, ita ake rububi.

Irin wannan ce mutumin da wannan nazari ke bin labarin motarsa ya saya. Ma'aikacin ofis ne da ya haura shekara hamsin, yana zaune a wani ƙaramin gari da ba shi da nisa da Stuttgart. Motar ta 1992 ce, an fara sayar da ita a Japan, inda masu hali ke son motar Jamus mai sitiyari a hagu duk da cewa su a hagun titi suke tuƙi, daga baya wani dillali ya dawo da ita Turai. Ba ta kai kilomita 70,000 ba. Kafin ya biya ya yi abin da ya kamata: ya duba lambar shasi ya ga ta fara da 124.036, don akwai masu ɗaukar 'yar'uwarta 400 E su kumbura mata madgad su kira ta 500 E. Ya nemi katin bayanan masana'anta ya gwada launi da kayan ciki, ya sa aka auna kaurin fenti, aka ɗaga ta aka duba ƙasa. Babu tsatsa, babu alamar haɗari.

Burinsa biyu ne. Ya riƙa fita da ita ranakun hutu, sannan idan ta cika shekara 30 a 2022 ya samo mata lamba mai harafin H. Tun 1997 Jamus ke ba tsofaffin motoci wannan lamba idan ƙwararren mai duba ya tabbatar suna cikin kyakkyawan hali kuma ba su kauce wa asalinsu ba. Mai irin wannan lamba yana biyan harajin shekara guda ɗaya tak, Yuro 191.73 komai girman injin, yana kuma shiga yankunan birane da aka taƙaita wa motoci masu hayaƙi. Kalmar "asali" ta zauna masa a rai sosai, za a ga tasirinta a gaba.

Afrilu: alamar farko

Shekara guda kafin cikar talatin ɗin, motar ta yi hunturu a gareji ba ta motsa ba. Da ya tayar da ita a Afrilu ta tashi bugu ɗaya. Bayan kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin a hanya, sai injin ya fara misin, silo ya riƙa rawa, idan ya taka totur ta yi jinkiri kafin ta amsa. Idan ta huce aka sake tayarwa, sai ta koma lafiya na ɗan lokaci.

Ya kai ta garejin unguwa, inda ake gyara masa motar zuwa aiki. Suka zargi tsohon mai, suka zuƙe shi, suka canza filtar mai da filogi takwas. Filogin da suka saka irin na motocin yanzu ne masu ƙarin tirjiya a ciki, alhali wannan injin an riga an saka masa tirjiyar a kawunan wayoyin filogi, don haka marasa ita yake so. Babu wanda ya lura a lokacin. Motar ta ɗan yi sauƙi, misin ɗin bai tafi ba.

Mayu zuwa Yuni: gyaran da ya yi aiki

Injin yana da distiribita biyu, ɗaya a gaban kowane ɓangaren silinda huɗu. Da aka buɗe murafensu aka tarar da ɗigon ruwa a ciki, da baƙaƙen layuka inda tartsatsi ya riƙa bin hanyar da ba tasa ba. Wannan sanannen hali ne na injin: motar da ake tayarwa na 'yan mintuna a kashe, ko take daɗewa a ajiye, danshi yana taruwa a bayan murfin, idan injin ya ɗumama sai ya zama tururi ya sauka kan inda wuta ke bi. Aka canza murafen biyu da rotocinsu da faifan da ke bayansu.

Misin ya ɗauke ɗif. Wata guda da rabi motar tana tafiya kamar yadda aka yi ta, mai ita ya rufe maganar a ransa.

Yuli zuwa Satumba: ciwo na biyu

A tsakiyar Yuli, rana ta yi zafi, ya shiga cunkoso a babbar hanyar A81. Da hanya ta buɗe ya taka totur, sai fitilar ASR ta kama a dasbod, ƙafarsa ta nutse motar ba ta amsa ba sai da ya kusa kai totur ƙasa. Ya gangara gefe, ya kashe, ya sake tayarwa, komai ya koma daidai.

A nan sai an ɗan yi bayani. Totur ɗin 500 E lantarki ke sarrafa shi. Ƙafar direba tana gaya wa wata ƙwaƙwalwa mai suna E-GAS abin da yake so, ita kuma ta umarci ƙaramin injin lantarki da ke maƙoshin iska ya buɗe. An yi haka ne don na'urar ASR, mai hana tayoyin baya zamewa, ta iya rage wuta ko da direba ya danne. Ƙwaƙwalen motar suna zance da juna ta wayar sadarwa da ake kira CAN, kuma 500 E tana cikin motocin farko da aka yi wa wannan tsari. Idan E-GAS ta ga saƙon da ba ta yarda da shi ba, sai ta janye hannunta ta bar wani sandan ƙarfe na ko-ta-kwana ya ja totur, iya abin da zai kai mutum gida. Abin da ya faru da shi ke nan. Matsalar ita ce abubuwa da yawa suna iya sa ta janye, daga makunnin fitilar birki da ya gaji har zuwa batir mai rauni.

Garejin suka fara da masu araha, kuma babu laifi a hakan: makunnin birki, sai batir. Bayan mako biyu fitilar ta dawo. Motar ba ta da irin soket ɗin da ake cusa wa kwamfutar gwaji ta zamani, nata mai ƙafa 38 ne, ana karanta shi da na'urar da ke ƙirga ƙyaftawar fitila. Da aka samo na'urar aka karanta, sai ga ƙorafi daga ko'ina: ma'aunin zafin ruwa, ma'aunin iska, totur, har da yankewar zance tsakanin ƙwaƙwale. Aka goge, aka yi tafiya, aka sake karantawa, wasu suka dawo, wasu suka ɓace, sababbi suka fito.

Daga nan aka shiga canje-canje. Ma'aunin zafi sabo. Ma'aunin iska, wanda ba shi da araha. Bayan kowane canji motar takan yi kwanaki lafiya, sai ta koma, kuma tazarar da ke tsakanin aukuwa da aukuwa tana raguwa. A Agusta aka samo ƙwaƙwalwar E-GAS ta hannu daga wata motar da aka wargaza. Ta yi mako guda. A Satumba abin ya kai motar tana mutuwa a danja, wani lokacin hayaƙinta ya yi baƙi, man da take sha ya ƙaru a fili.

A wani taron masu tsofaffin Marsandi, wani dattijon bakanike da ya yi ritaya ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya tambaye shi ko an taɓa canza wayarin injin. Ya ce ba a taɓa ba, yana faɗa da alfahari. Dattijon ya ba shi shawarar kada ya ƙara sayen komai sai an tsaga rigar wayoyin an gani. Bai karɓa ba. Hujjarsa ita ce rigar baƙa ce sumul kamar sabuwa, motar ba ta yi tafiya mai yawa ba, kuma ba ya son a sa wuƙa a abin da aka shimfiɗa da hannu a Zuffenhausen, balle ga duban lambar H yana tafe. Ya mayar da motar garejin gidansa a Oktoba da ciwonta.

Nuwamba: abin da aka gani da aka tsaga

Abin da ya sauya masa ra'ayi ƙauri ne. Ranar da ya tayar da ita don ya gyara mata tsayuwa a gareji, ya ji ƙaurin roba daga ƙarƙashin bonet, fiyus ɗaya kuma ya ƙone. Washegari ya sa aka ɗauke ta a bayan babbar mota zuwa wurin wani mai wayarin da ya ƙware a Marsandin shekarun 1990.

Mutumin bai haɗa na'ura ba. Ya fara neman 'yar takardar da ke manne a jikin damin wayoyin, wadda ke ɗauke da lokacin da aka yi shi. Shekarar motar ce a jiki. Sai ya tsaga rigar kamar tsawon yatsa a kusa da ma'aunin zafin ruwa, inda zafi ya fi yawa. Robar da ke rufe kowace waya ta marmashe a hannunsa kamar jan ɓawon soyayyar gyaɗa. Tagulla tsirara, waya na gogar waya. Ya sake tsagawa a kusa da bututan fesa mai, haka. Igiyar da ke fita daga na'urar totur, haka. Damin ƙasa mai zuwa kik da altaneto ya jiƙe da baƙin mai, shi ma duk ya tsattsage.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga waɗanda suka san motocin. Daga farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu, an yi amfani da wata irin robar waya da aka tsara ta ruɓe cikin sauƙi bayan an yar da mota, don kare muhalli. A ɗakin injin, inda take gasuwa ta huce kullum, sai ta fara ruɓewa tun motar na kan hanya. Ya shafi samfura da dama, har da V-boot masu silinda huɗu da shida na ƙarshen zamaninta, shi ya sa rewaya da yawa a Najeriya sun san ciwon ko da ba su san dalilinsa ba. Damin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 ba su da wannan matsala. Ɗakin injin 500 E kuwa a cushe yake, an tura silinda takwas inda aka tsara wa shida, ga kuma shekarun da wannan motar ta yi tana tsayuwa a cunkoson biranen Japan da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Agogon kilomita ba ya ƙirga wannan.

Da aka ga haka, duk abin da ya rikita garejin farko ya warware. Na'urorin aune-aune da ƙaramar wuta suke aika saƙo. Idan waya biyu tsirara suka taɓa juna, ƙwaƙwalwa takan ɗauka injin ya yi sanyi ƙalau alhali yana tafasa, sai ta ƙara mai, ga baƙin hayaƙi. Zafi yana sa damin ya saki, girgiza ta motsa shi, yau wannan waya ta taɓa, gobe waccan, shi ya sa ƙorafin ke yawo. Sauƙin kwana biyu da ake samu bayan kowane canji kuwa, hannun bakanike ne ke ɗan raba wayoyin ba da saninsa ba. Kuma kowace lanƙwasa tana ƙara zubar da robar, don haka gyaran da kansa yana cikin abin da ya sa ciwon ya riƙa matsowa kusa da kusa.

Disamba zuwa Maris: gyara

An duba hanyoyi huɗu, biyu daga ciki ba su ɗauki lokaci ba. Naɗe wuraren da suka fashe da tef ba shi da amfani, tunda ruɓewar ta bi damin gaba ɗaya. Sabon dami daga kamfani ba a same shi ba a lokacin. Na hannu an samu guda biyu, amma takardar jikinsu ta nuna sa'annin wanda ya lalace ne. Saura a saƙa sabo.

Aka cire damin sama a hankali, ana ɗaukar hoton kowane reshe da inda ya bi. Aka shimfiɗa shi a kan allo aka kafe da ƙusoshi don a riƙe tsawo da rassan. Aka zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsu da masu jure zafi, kauri ɗaya, launi ɗaya, don duk wanda ya zo nan gaba da zanen wayarin kamfani ya gane hanya. Kawunan soket na asali aka wanke aka mayar, sai waɗanda suka fashe. Rigar waje ma baƙa aka sa irin ta da. Na'urar totur an aika ta wurin masu buɗe ta, suka sake mata wayoyi ciki da waje suka gwada ta a kan tebur. Damin ƙasa shi ma aka sake shi, bayan an toshe inda mai ke ɗiga a kansa.

Kafin a tayar, mai wayarin ya nemi a kawo masa kayan da aka cire a baya. Ya mayar da ƙwaƙwalwar E-GAS ta asali da tsohon ma'aunin iska. Duka biyun lafiyarsu ƙalau. Wadda aka sayo ta hannu ce ma aka tarar ta ƙone a ciki, wataƙila wayoyin ne suka kashe ta a makon da ta yi a motar. Ya cire filogin da ba su dace ba ya sa na daidai, ya sabunta man da ke ɗauke zafi a ƙarƙashin na'urar kunna wuta.

Gwajin bai tsaya a zagaya unguwa ba. An bar ta a silo har fanka ta kama ta saki sau da yawa, ana girgiza damin da hannu ana kallon ko injin zai canza murya. Sai tafiya mai nisa a babbar hanya, sai cunkoson Stuttgart da gangan, ana karanta ƙwaƙwalen bayan kowace fita. Babu ƙorafi ko ɗaya.

Bayan cikar shekara 30

Mai duba na lambar H ya ga sabon wayarin, ya ga takardun aikin da hotunan. Bai ɗauke shi a matsayin kauce wa asali ba, domin ƙa'idar gyara mai kyau da kayan da suka dace take nema, abin da take ƙi shi ne sauya kamannin mota da halinta. Motar ta samu lambar. Tsohon damin yana cikin kwali tare da takardun, don mai saye na gaba ya gani da idonsa.

Mai motar ya canza yadda yake riƙe ta. Ya daina tayar da ita na minti biyar a gareji. Idan zai fita da ita, sai ya yi tafiyar da za ta sa injin ya yi zafi sosai ya kore danshi, a hunturu kuma batir yana kan ƙaramar caja. Zafin Yuli da Agusta ya zo ya wuce, fitilar ASR ba ta kama ba.

Hukunci

Ciwo biyu ne suka haɗu, na farko ya rufe na biyu. Danshin distiribita gaskiya ne, gyaransa ma daidai ne, kuma nasarar da aka samu a kansa ce ta sa kowa ya yarda cewa canza kaya ɗaya bayan ɗaya zai kai ga mafita. Ba zan ɗora wa garejin unguwa laifin fara da makunnin birki da batir ba. Inda suka kauce shi ne ranar da suka ga na'urori huɗu da ba ruwan ɗaya da ɗaya suna kuka tare. Abin da ya haɗa su waya ce, kuma tsaga rigar bai kai aikin rabin sa'a ba. Kuɗin ma'aunin iska da ƙwaƙwalwar da ta ƙone sun tafi a banza, har da bazara guda da motar ta yi ba a more ta ba.

Kaso mafi girma na jinkirin na mai motar ne, kuma dalilinsa irin na masu tara motoci ne. Ya ɗauki ƙarancin kilomita a matsayin shaidar lafiyar komai, alhali ƙarfe ne kawai tafiya ke cinyewa, roba kuwa shekaru da zafi ke cin ta ko mota na tsaye. Ya kuma faɗaɗa ma'anar aikin hannu fiye da inda ta tsaya. Ma'aikatan Porsche sun haɗa gangar, sun daidaita ƙofofi, sun zaunar da injin, kuma ingancin wannan aikin yana nan har yau a jikin motar. Wayoyin kuwa daga masu kawo kaya suka zo, irin waɗanda aka saka wa sauran Marsandin wancan lokaci. A ganina, a 500 E ta yau, damin da aka sake da takardar shaida ya fi wanda ba a taɓa ba daraja, kuma mai saye da ya san motar zai tambayi wannan kafin ya tambayi kilomita.

Akwai sauran aiki. Robobin da ke riƙe sarƙar injin sa'annin wayoyin ne, haka ma ƙwallayen iskar gas na shok ɗin baya, waɗanda suka fara sa motar tsalle a kan gargada. Mai wayarin ya rubuta su a takardar aiki, an sa ranar buɗe murfin injin a hunturu mai zuwa.